Hitar akwatin kifi: wacce za a saya, wat nawa, kuma me zai hana ta dafa kifin

A cikin kayan da ake haɗa wa akwatin kifi na gida, filta na iya tsayawa na wasu awoyi kifi su rayu, fitila na iya mutuwa mako guda ba a yi asarar komai ba. Hita kuwa tana iya kashe duk abin da ke cikin ruwan tsakanin dare da asuba, kuma ita ce aka fi saye da ka, a duba kyan kwali a biya. Wannan bita ta ɗauki nau'o'in hitar da ake samu da wasu sanannun samfura daga kowane nau'i, ta ɗora su a kan ma'auni guda: me zai faru da kifin ranar da hitar ta lalace? Domin ko ta wane kamfani ce, ranar tana nan tafe.

Sai an san abin da ke cikin bututun kafin a gane dalilin wannan tambaya. Hitar gilashi da kowa ya sani gida biyu ce. A ƙasa akwai siririyar waya a naɗe, ita ke yin zafi idan wuta ta bi ta. A sama akwai makunni mai aiki da kansa, wanda aka yi da ƙarafa iri biyu a manne da juna. Ɗaya ya fi ɗaya saurin buɗewa da zafi, saboda haka idan ruwa ya ɗumama sai falankin ya lanƙwashe ya raba bakin wuta, in ya huce ya miƙe ya sake haɗawa. Duk haɗuwa da rabuwa akwai ɗan tartsatsin da ido bai cika gani ba. Sau dubbai ana yin haka, har bakin ƙarfen ya cinye ya yi kaushi, wata rana kuma ya narke ya like kamar an yi masa walda. Daga nan hita ba ta ƙara kashe kanta.

Lalacewa iri biyu ke nan. In hita ta mutu a kashe, ruwa zai yi ta hucewa sannu a hankali har ya daidaita da ɗaki, kifi su yi laƙwas, su ƙi cin abinci, amma yawanci akwai lokacin lura da gyara. In ta maƙale a kunne kuwa, ba abin da ke tsayar da ita sai iyakar ƙarfinta. Wannan ne ya sa zancen wat ya fi zancen suna muhimmanci.

Wat nawa

Lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa na buƙatar kusan wat 1.16 na tsawon awa guda kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Selshiyas. Akwati mai lita 60 ke nan yana cin kusan wat 70 na awa guda a kowane digiri. A sa masa hita mai wat 300 ta maƙale a kunne: zafi zai riƙa hawa da fiye da digiri 4 a kowace awa, cikin awa uku ruwan da ke digiri 25 ya haura 35. Kifaye da yawa ba sa rayuwa har a kai nan. A sa wa wannan akwatin mai wat 50 ta maƙale: hawan bai kai digiri ɗaya a awa ba, kuma duk lokacin da ruwan ya ƙara zafi yana ƙara zubar da zafin ta gilashi da saman ruwa, har ya kai inda zai tsaya. Mai gida zai tashi da safe ya tarar da ruwa mai ɗumi fiye da kima da kifi masu haki, amma da ransu.

Saboda haka shawarar da ake yawan ji cewa a sayi babba don kada ta wahala, shawara ce mai hatsari. Babbar hita a ƙaramin akwati tana kunnawa tana kashewa akai-akai, wato tana saurin cinye makunninta, sannan ranar da ta like tana da ƙarfin yin ɓarna nan take.

Ƙa'idar da masu kiwon kifi suka saba bi ita ce wat ɗaya ga kowace lita, in ɗakin bai fi digiri 6 zuwa 8 ƙasa da zafin da ake so a ruwan ba. In tazarar digiri 3 ce ko 4, rabin wat ga lita ya isa. In ɗaki ne mai tsananin sanyi, tazarar ta kai digiri 10 ko fiye, a kusanci wat ɗaya da rabi zuwa biyu. Zafin ɗakin da za a yi lissafi da shi shi ne na ƙarshen dare a lokacin da aka fi sanyi a shekara, ko na lokacin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki, ba na tsakar rana ba. Manyan akwatuna ba sa bin ƙa'idar daidai, don ruwa mai yawa ya fi riƙe zafi: kamfanin Eheim ma a jadawalinsa ya ba da mai wat 100 ga lita 100 zuwa 150, amma mai wat 300 ya ba da ita ga lita 600 zuwa 1000.

A lissafa ruwan da ke ciki na gaskiya. Tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa da santimita, a raba da 1000. Akwati mai 60 da 30 da 35 lita 63 ne, amma in an cire yashi da duwatsu da ɗan sararin da ake bari a sama, da ƙyar ya wuce lita 55.

Daga lita 150 zuwa sama, hita biyu ƙanana sun fi ɗaya babba. Akwati mai lita 200 a sa masa biyu masu wat 100, ɗaya a kowane gefe. Ɗaya ta mutu, ɗayar ta riƙe ruwan kada ya yi sanyi da sauri. Ɗaya ta maƙale, ɗayar za ta kashe kanta, kuma wat 100 kaɗai ba zai dafa lita 200 cikin dare ba.

Murfi ma yana cikin lissafin wat, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Kowace lita da ta tashi ta zama tururi daga saman ruwa tana tafiya da zafi kusan kashi biyu cikin uku na kilowat na awa guda. Akwatin da ke buɗe yana sa hita aiki sosai fiye da mai murfi, kuma ruwansa na ja baya har ya bar kan hita a waje.

Kafin duk wannan, a tabbatar kifin na buƙatar hita. Yawancin kifayen yankuna masu zafi, irin su gupi da tetra, suna zama lafiya tsakanin digiri 24 da 27. Beta ya fi son 25 zuwa 27, diskas kuma 28 zuwa 30. Kifin zinare na ruwan sanyi ne, digiri 18 zuwa 22 sun yi masa, ɗumama masa ruwa zuwa 27 wahalar da shi ne. In zafin ɗaki dare da rana bai sauka ƙasa da abin da kifin ke so ba, aikin hita bai wuce tsare ruwan daga faɗuwar zafi ta dare ba, kuma ƙarama ta wadatar.

Hitar gilashi

Wadda aka fi auna sauran da ita a wannan aji ita ce Eheim Jäger ta Jamus. Tana zuwa daga wat 25 har 300, ana saita ta tsakanin digiri 18 da 34, kuma kamfanin ya ce kuskurenta bai wuce rabin digiri sama ko ƙasa ba. Gilashinta mai jure zafi ne irin na kayan ɗakin gwaji, tana nutsewa gaba ɗaya cikin ruwa, kuma tana da kariyar da ke yanke wuta in ta tsinci kanta a waje. Abin da ya fi burge mu da ita shi ne zoben gyara lamba. In an saita ta a 25 amma ma'aunin zafi ya nuna ruwa ya tsaya a 26, ana juya zoben ya nuna 26, daga nan lambobinta su dace da gaskiya. Yawancin hitoci ba su da wannan, sai dai mutum ya riƙe a ransa cewa 24 ɗinta 26 ne.

Aibinta biyu ne. Doguwa ce: mai wat 300 ta kusa rabin mita, a gajeren akwati ba ta tsayawa sai a kwance ko a karkace. Sannan gilashi gilashi ne, kuma makunninta irin na ƙarfe biyun nan ne da muka bayyana. Inganci yana jinkirta ranar lalacewa, ba ya soke ta.

Ƙasa da wannan akwai tarin hitocin gilashi marasa suna, masu kama da juna kamar daga gida ɗaya suka fito. Wasu na yin aiki shekara da shekaru, wasu daga kwali lambarsu ta kauce da digiri biyu ko uku. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: in ita aljihu ya iya, a saya, amma kada a bar ta ita kaɗai da kifi ba tare da na'urar tsaron da za mu zo kanta ba. A duba kaurin gilashin, a duba robar da ta rufe saman bututun ta zauna daram, a kuma karanta ko an rubuta cewa tana nutsewa gaba ɗaya. Akwai tsoffin samfura da ake maƙalawa a bakin akwati kansu a waje, waɗannan in ruwa ya rufe kan ya shiga ciki.

Masu jikin roba da masu lamba a fuska

Fluval E tana amfani da na'urar lantarki wajen auna zafi maimakon lanƙwasar ƙarfe, tana nuna zafin ruwan da lamba a fuskarta, kuma hasken fuskar na sauya launi: kore in zafi ya yi daidai, ja in ya haura, shuɗi in ya sauka. Ana saita ta rabin digiri rabin digiri, kuma tana zuwa da keji a jikinta da ke hana kifi taɓa wurin zafi. Ga wanda ke son ya leƙa daga nesa ya san halin da ruwa ke ciki, ta yi. Sai dai ƙatuwa ce, tana cin wuri a ƙaramin akwati, kuma tana son ruwa mai gudu. In gudun ruwa a kusa da ita ya yi rauni sai ta nuna LF a fuskarta, alamar ƙarancin gudun ruwa, ta rage aiki. Masu filtar soso mai aiki da iska su yi la'akari da wannan kafin su saya.

Aqueon Pro ba gilashi a jikinta, cikinta alminiyam ne a lulluɓe da roba mai jure zafi, don haka babban kifi ba zai fasa ta ba. Da yake ta kasuwar Amurka ce, tana kawo mu kan wani kuskure da masu sayen kaya daga wata ƙasa ke yi. Hitar da aka yi wa wutar bolt 120 irin ta Amurka, in aka jona ta a wutar bolt 230, ƙarfinta ba ninki biyu yake yi ba, kusan ninki huɗu yake yi, don ƙarfin zafi na hawa ne da ninkin bolt sau kansa. Mai wat 100 ta koma kusan wat 370 kafin ta ƙone. In aka juya, mai bolt 230 a wutar 120 tana ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta. Adaftar da ke sauya siffar fulogi ba ta sauya bolt. A karanta abin da aka rubuta a jikin hitar.

Kada kuma a ɗauka jikin roba ya raba mutum da hatsari. A shekarar 2011 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye kusan hita miliyan 1.2 samfurin Marineland Stealth da Stealth Pro daga kasuwa, saboda matsalar waya da ke iya sa su zafi fiye da kima ko su fashe. Masu jikin roba ne.

Ƙananan hitocin da aka saita daga masana'anta, galibi a wajen digiri 25 zuwa 26, sun dace da akwatin lita 10 zuwa 30, amma ba a iya ɗaga zafinsu in kifi ya yi rashin lafiya. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsi masu wat 5 zuwa 10 da ba su da makunni ko kaɗan, suna kunne muddin suna jone. Waɗannan ba mu ba da shawararsu ba, sai in za a bi da su ta na'urar tsaro.

Titaniyam da masu zama a wajen akwati

Sandar titaniyam ba ta fashewa, ruwan gishiri ba ya cin ta, gajera ce idan aka kwatanta da ƙarfinta. Ita ce zaɓi ga akwatin ruwan teku, da akwatin manyan kifaye masu ƙarfi irin oska, da na kififiya. Abin lura shi ne da yawa daga cikinsu, irin na kamfanin Schego, sanda ce tsura ba makunni. An yi su ne don a jona su a na'urar sarrafa zafi ta daban. Wanda ya jona irin wannan kai tsaye a soket ya kunna tukunya ne. Jikinsu kuma yana yin zafi sosai, a sa musu keji in akwai kifi mai son jingina.

Ga mai filtar gwangwani da ke zama a ƙarƙashin akwati, akwai hitar da ake sawa a tsakiyar tiyo, irin Hydor ETH mai wat 200 ko 300, ta tiyon milimita 12 ko 16. Ana sa ta a tsaye, a tiyon da ke mayar da ruwa cikin akwati, don iska kada ta taru a ciki. Akwai kuma filtoci irin Oase BioMaster Thermo da hitar ke zaune a cikin filtar. Amfaninsu a fili yake: ba abin da kifi zai taɓa, ba abin da ke ɓata kyan akwati, zafi na rarraba daidai. Illar ita ce in famfon filta ya tsaya ɗumi ya tsaya, kuma kowace mahaɗar tiyo da aka ƙara wuri ne da ruwa zai iya yoyo. A ɗaure mahaɗun sosai, a sa busasshiyar takarda a ƙasa kwana biyu na farko a gani.

Na'urar tsaron zafi

In za a ƙara abu ɗaya a kan hita, wannan ne. Ƙaramin akwati ne mai soket a jiki da waya mai kan awo da ake sawa cikin ruwa. Ana jona hita a jikinsa, shi kuma a bango, ya riƙa ba ta wuta yana yankewa bisa abin da kan awon ya gaya masa. Inkbird ITC-308 na da soket biyu, na ɗumamawa da na sanyayawa, ana iya jona ƙaramar fanka a na biyun ta riƙa hura saman ruwa a ranakun zafi, kuma tana yin ƙarar gargaɗi in zafi ya wuce iyakar da aka sa sama ko ƙasa. ITC-306A an yi ta ne musamman don akwatin kifi, da kan awo biyu.

Ga hitar gilashi, saitin da muka fi amincewa da shi: na'urar a digiri 25 da tazarar rabin digiri, wato ta ba hita wuta in zafi ya sauka da rabin digiri, hitar kuma a murɗa ta zuwa 27. Na'urar ce ke kunnawa da kashewa, makunnin hitar na hutawa, yana jira a matsayin mai gadi na biyu. Kada a murɗa hitar har ƙarshe da sunan ai na'ura na lura. Kan awon na iya zamewa ya fito daga ruwa, ya riƙa auna iskar ɗaki mai sanyi, na'urar ta ɗauka ruwa bai ɗumama ba ta bar wuta a buɗe. A ranar nan makunnin hitar da aka bari a 27 shi zai ceci kifin. Ga hita mai na'urar lantarki a ciki kuwa, gara a juya tsarin: ita ta riƙe 25, na'urar waje ta tsaya a 27 tana jiran ranar da za a buƙace ta. A manne kan awon nesa da hita, a tsakiyar zurfin ruwa, inda ruwa ke motsi.

Wuta da ruwa

Fiyus da bireka na gida suna kare waya daga ƙonewa, sai wuta ta kai amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) da yawa suke yankewa, alhali ɗan ƙaramin kaso na amfiya ɗaya ya isa ya tsayar da zuciyar mutum. Abin da ke kare mutum shi ne na'urar gano yoyon wuta, wadda ake kira RCD a Turai da wasu wurare, mai yankewa a miliamfiya 30, ko GFCI a Amurka, mai yankewa a wajen miliamfiya 5. Ana samun wadda ake jonawa a soket ba sai an taɓa wayoyin gida ba. Duk kayan akwati su bi ta kanta, a riƙa danna maɓallin gwajinta wata-wata.

Dalilin da ya sa wannan ya zama dole shi ne akwatin gilashi ba ya kai wuta ƙasa. Hita na iya tsagewa, wuta ta shiga ruwa, kifi su ci gaba da iyo kamar ba komai, don wutar ba ta sami hanyar wucewa ba. Hannun mutumin da ke tsaye a ƙasa shi ne hanyar. Akwai sandar titaniyam da ake sawa a ruwa a haɗa da wayar ƙasa, tana sa RCD ta yanke tun kafin hannu ya shiga. Amma sai tare da RCD. Sandar ita kaɗai buɗe wa wuta hanya take yi ta riƙa ratsa ruwan ba mai tsayar da ita.

Kowace waya da ta fito daga akwati a bar ta ta sauka ƙasa da soket sannan ta hau, yadda ɗigon da ya biyo ta zai faɗi a gindin lanƙwasar maimakon ya shiga soket. Soket ɗin da ke ɗauke da kayan a maƙala shi a sama, kada a ajiye shi a ƙasa bayan akwati inda ruwa ke fantsama. In hannu ya ji ɗan tsikari a ruwa, musamman a wurin ƙaramin yanka, a cire komai daga bango, kada a sake sa hannu sai an gano wane ne ke yoyo, kuma hita ce farkon abin zargi.

Sawa da saitawa

Sabuwar hita a fara duba ta a haske, ko akwai tsaga. A gwada ta a bokiti na kwana guda da ma'aunin zafi kafin ta ga kifi. In za a sa ta a akwati, a manne ta a bar ta cikin ruwa minti 20 zuwa 30 ba a jona ba, gilashi da makunni su ɗauki zafin ruwan.

Wurinta kusa da inda filta ke fitar da ruwa. A karkace ko a kwance ta fi aiki daidai, domin in tana tsaye a ruwa marar motsi, ɗumin da ke tashi daga ƙasanta yana bugun makunnin da ke sama, ta kashe kanta alhali can gefe da sanyi. Kada ta taɓa yashi ko dutse ko gilashin akwati, kada a binne ta, don wurin da ruwa bai ratsa ba yana tara zafi har ya tsaga bututu. Layin da aka zana a jikinta na mafi ƙarancin ruwa ya kasance a nutse ko da ruwa ya ja baya. Sa ta a kwance can ƙasa-ƙasa yana maganin wannan gaba ɗaya. Fileko da sauran dangin tarwaɗa masu son fakewa suna kwanciya a jikin hita su ƙone, a sa keji in akwai su.

Ma'aunin zafi a sa shi a ɗaya gefen, nesa da hita. Na takarda da ake mannawa a bayan gilashi rabinsa iskar ɗaki yake aunawa, ba a saita hita da shi. Na gilashi mai jan ruwa a ciki ko na lamba mai waya sun fi. Ana gwada gaskiyarsu a kofin da aka cika da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, ya kamata su nuna sifili, in dai lambobinsu sun sauka har can. Bayan kowane murɗi a jira awa 12 zuwa 24 kafin a sake taɓawa, kuma in da kifi a ciki kada sauyin ya wuce digiri ɗaya zuwa biyu a rana. Faɗuwar zafi kwatsam na raunana kifi, a nan ne cutar farin ɗigo ke samun ƙofa.

Ranar canjin ruwa ita ce ranar da hitoci suka fi fashewa. A cire fulogi, a jira minti 15 zuwa 30 ta huce, sannan a fara zuƙe ruwa. Gilashi mai zafi da ya fito iska sannan ruwan sanyi ya taɓa shi yana tsagewa nan take, wani lokacin tsagar ba ta ganuwa sai ruwa ya fara shiga. Kuskure na biyu shi ne mantawa a mayar da fulogi. A rataya wani abu a gaban akwati da ba za a cire ba sai an jona.

Farin ɓawon da ruwa mai yawan ma'adinai ke bari a jikin bututu yana hana zafi fita. A cire hitar bayan ta huce, a jiƙa ta a ruwan khal awa ɗaya ko biyu, a goge da soso mai laushi, a ɗauraye sosai. Robobin mannewa na ƙanƙamewa su saki, a canza su kafin hita ta faɗi kan yashi. Raɓa ko ɗigon ruwa a cikin bututu, tsatsa, baƙin tabo a wurin makunni, fitila mai ƙyaftawa ba tsayawa, zafi mai hawa da sauka fiye da da, kowanne a cikinsu ya isa a jefar da ita. Ba a gyara hitar akwati da gam ko salatif. Ko ba alama, mun fi son a sauya mai makunnin ƙarfe bayan shekara biyu zuwa uku, a ajiye tsohuwar don ɗumama ruwan canji a bokiti.

In aka tarar ruwa ya yi zafi fiye da kima, a cire hita daga bango, a buɗe murfi, a kashe fitila, a ƙara iska da famfon iska ko a ɗaga bakin filta ya riƙa karya saman ruwa. Iskar ce abin gaggawa, don ruwa mai digiri 20 na ɗaukar kusan miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5, a daidai lokacin da jikin kifi ke ƙara neman ta. A sa fanka ta hura saman ruwa, a canza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari da ruwan da ya fi na ciki sanyi da digiri biyu ko uku, a maimaita bayan awa guda. Kada a juye ƙanƙara a ciki, saukar gaggawa na ƙarasa kifin da zafi ya bari. In kuwa hita ce ta mutu ko wuta ta ɗauke a lokacin sanyi, a lulluɓe akwatin da bargo a bar ɗan sarari na iska, a cika robobin ruwa da ruwan ɗumi a rufe su da kyau a bar su suna yawo a sama ana sauyawa, kuma a dakatar da ba da abinci har filta da hita su dawo aiki.